Sayayyar Injiniyan Ɗakin Kati

Akwai mutanen da in ka tambaye su hanyar garin da ba su taɓa zuwa ba, za su kwatanta maka ita har da inda ramuka suke. Akawun ɗakin kati na wani ƙaramin asibitin unguwa yana cikin manyansu. Aikinsa na gaskiya bai wuce ya rubuta sunan mara lafiya, ya lalubo masa fayil, ya nuna masa benci ba. Amma wata rana fankar ɗakin jira ta tsaya, ya hau kujera ya maka mata tsintsiya, ita kuma ta ga dama ta ci gaba da juyawa. Daga nan ma'aikata suka laƙaba masa Injiniya. Su da ba'a suka faɗa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Washegari ya zo da sukundireba soke a aljihun gaba, kusa da biro, kuma bai ƙara rabuwa da ita ba, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin ta kwance ko ƙusa ɗaya.

Ran nan Babbar Nas, wadda ita ke riƙe da asibitin, ta tara ma'aikata a ofishinta. Ta ce masu duba asibitoci za su zo nan da mako biyu, kuma tun zuwansu na baya sun gindaya sharaɗi: a sa talabijin a ɗakin jira don nuna wa jama'a darussan lafiya, a sa kwamfuta da firinta a ɗakin kati. In ba a yi ba, za su rage wa asibitin daraja, a kwashe rabin ma'aikata a watsa su wasu wurare. Kuɗin da aka ware kuma ba zai kai sababbi ba, sai dai na hannu waɗanda aka gyara aka sabunta. Ta ƙara da cewa kujerar mai kula da sito ta zama ba kowa, kuma tana lura da wanda zai nuna ƙwazo.

Kafin ta rufe baki Injiniya ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, a bar mini wannan. Ni da kayan wuta kamar kifi da ruwa ne. Daga bakin ƙofa nake jin numfashin na'ura, in gaya miki ko tana da lafiya."

Baba mai gadi, wanda ke tsaye jikin taga, ya yi gyaran murya. "Rediyona da ka ji numfashinsa bara, har yau bai farfaɗo ba."

"Ajalinsa ne ya zo, Baba. Likita ma ba ya maganin ajali."

Babbar Nas tana da masu haihuwa biyu suna jiranta, ba ta da lokacin dogon tunani. Ta ce, "Ƙanwar matarka ba gyaran waya da kwamfuta take yi ba? Ka tafi da ita ta duba maka."

"Auta? Ai ni na koya mata riƙe filaya," in ji Injiniya. "Amma ba komai, zan tafi da ita ta ƙaru."

Bai tafi da ita ba. Ya dai biya ta shagonta da la'asar don ya sanar da ita girman da aka ba shi. Shagon ɗan ƙarami ne, teburi cike da wayoyi a buɗe kamar marasa lafiya a ɗakin tiyata, kowace da takarda manne da sunan mai ita. Auta ta saurare shi ba ta ɗago daga aikinta ba, sannan ta ajiye ƙarfen walda.

"Yaya, ka ji abin da zan gaya maka, ko da ba za ka ce ni na faɗa ba. Ka saya a shagon da ke da ƙofa da suna, wanda in ka koma gobe za ka tarar da shi. Kada ka biya sai an jona a wuta ka gani da idonka, ka bar shi ya yi ko rabin awa yana aiki. Talabijin ka duba shi da farin hoto, ka duba shi da baƙi. Kwamfuta ka zare cajar ka ga ko batir na riƙewa, ka tabbata an goge lambar sirrin mai ita na da. Ka gwada lambar da ke jikin na'ura da ta kan rasiti. Garanti kuma a rubuce, da ranar da za ka iya mayarwa."

Injiniya ya yi murmushin tausayi. "Auta ke nan. Wannan karatun 'yan koyo ne. Mu da muka daɗe a harka, ƙa'ida uku gare mu. Na ɗaya nauyi, don na'urar kirki ba ta da sauƙin ɗauka. Na biyu wari, don wadda ta taɓa ƙonewa ba ta ɓoye wa hanci. Na uku ƙwayar idon mai sayarwa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

"Idon da ya san kima shi ya sayo wa Yayata dutsen guga mai kama mutum?"

"Yayarki ce ke guga ba takalmi."

"To Allah ya kiyaye. Cinikin biri a sama dai ba ya ƙarewa da daɗi."

Washegari ya shiga layin masu kayan wuta. Shagon farko suka jona masa talabijin, suka nuna masa takardar garantin wata shida, suka faɗi farashi. Ya ce tsada, kuma yawan takarda alamar rashin gaskiya ce, don mai gaskiya ba ya rantsuwa. Shago na biyu mai shagon ya yi kuskuren kiransa "Malam". Ya fice ko sallama babu.

A bayan tashar mota, ƙarƙashin wata bishiya, ya tarar da wani dillali ya buɗe bayan tsohuwar mota, kaya jere cikin leda suna ƙyalli. Dillalin ya dubi sukundirebar aljihu, ya dubi takun mai ita, ya gane cewa yau kasuwa ta yi kyau.

"Yallaɓai Injiniya, sannu da zuwa."

Injiniya ya tsaya cak. "Ka san ni ne?"

"Wa zai ga wannan tafiya bai san gwani ba? Ku ne nake gudu, don ba a iya yi muku kwana-kwana. Ga kaya nan, ba sai na yi magana ba."

Injiniya ya naɗe hannun riga. Ya ƙwanƙwasa bayan talabijin da ɗan yatsa, ya kara kunne kamar mai zaɓen kankana. Ya shinshina firinta ta gaba da ta baya, ya ji ƙamshin turaren mota, ya gyaɗa kai. Ya ɗaga kwamfutar, wadda ake naɗewa kamar littafi, sai da kafaɗarsa ta amsa.

"Wannan ita ce na'ura," ya ce. "Ji nauyi."

"Ai irinta sun daina zuwa, Yallaɓai. Na yanzu duk iska ce."

Can cikin ransa muryar Auta ta ɗan motsa, ya ce, "Da akwai inda za a jona?"

Dillali ya dafa ƙirji. "Akwai soket a shagon wani abokina, can gaba da gada. Sai dai in mutane suka ga kamarka yana gwaji irin na 'yan koyo, ni zan ji kunya a madadinka."

"Bar shi. Na riga na gama gwajina."

"Rasiti fa, in rubuta maka? Ko da yake tsakanin manya…"

"Rubuta dai wani abu, saboda ofis."

Dillali ya yage bayan kwalin sabulu ya rubuta "kaya uku, lafiya lau", ya yi wani zane a ƙasa mai kama da ƙugiya. Garanti kuwa ya ce yana nan a bakinsa, in na'ura ta yi ko tari ne a kira shi. Ya kama hannun Injiniya ya rubuta masa lambar waya a tafi, ya ɗora masa rimot kyauta. Injiniya ya dubi ƙwayar idonsa sosai, ya ga ba ta ko ƙiftawa, ya biya. Kafin ya iso asibiti da kayan, rungume da talabijin a bayan motar haya cikin zafin rana, gumi ya wanke lambar tas, sai wani shuɗin tabo.

Ma'aikata suka taru suna kallo. Babbar Nas ta ce a kunna.

"Ranki ya daɗe, ba a yi wa na'ura haka. Ta sha hanya. Kamar wanda aka yi wa tiyata ce, sai ta huta jininta ya kwanta." Ya sa aka kafe talabijin a bangon ɗakin jira, ya ari zanen gado daga ɗakin wanki ya lulluɓe shi. Sauran biyun ya kai ɗakin kati ya turo ƙofa.

Da tsakar rana, da layi ya ragu, ya fara da firinta. Ta yi ƙara kamar tana share maƙogwaro, ta ja takarda ɗaya ta haɗiye, ta ja ta biyu ta bi da ita, sannan ta yi shiru kamar ba ita ba. Kyankyasai uku suka fito ta ƙofar da takarda ya kamata ta fito, suka bi bango. Injiniya ya ce yau ranar sukundireba ce. Ya zaro ta, ya zura cikin wani rami, ya banƙara. Wani abu ya ce fus, baƙin garin tawada ya tashi ya rufe masa fuska da farar riga.

Daidai nan Baba mai gadi ya leƙo ta tagar kati. Ya daɗe yana kallo.

"Injiniya, kai ne aka buga, ko takardar?"

"Wankin ciki nake mata, Baba. Abin da ya fito ai dattin da ke damunta ne."

"To Allah ya ba ta lafiya. Kai ma ya ba ka."

Kwamfuta kuwa da ya jona ta, fankarta ta tashi da ruri kamar injin niƙa, har mai shara ta zo ta tambaya ko an tayar da janareta. Allo ya kawo haske, ya nemi lambar sirri. Injiniya ya rubuta ɗaya zuwa shida, ta ƙi. Ya rubuta shida zuwa ɗaya, ta ƙi. Ya rubuta "Injiniya", ta yi masa wani ɗan kuka na raini. Gwiwarsa ta taɓa waya, caja ta zare, allon ya mutu nan take kamar an hure fitila. Ya zauna ya dubi shuɗin tabon tafinsa ta kowace fuska, ko lamba ɗaya bai iya karantawa ba.

Haka ya kwashe kwana goma sha biyu yana ba da rahoto. Yau na'urorin na sabawa da wutar asibiti. Gobe yana ɗora musu manhaja, wadda ba a son a dame ta. Talabijin kuwa bai yarda ya ɗaga zanen ba, don a ganinsa abin da ba ka gani ba bai lalace ba.

Ana gobe baƙi za su zo, Auta ta biyo ta asibitin, don Yayarta ta gaya mata mijinta ya daina cin abinci yana magana shi kaɗai. Ta tsaya a tagar kati da jakar kayan aikinta.

"Yaya, ba ni minti goma in duba. Ba wanda zai sani."

Da su biyu ne kawai, wataƙila da ya buɗe ƙofa. Amma nas biyu na tsaye a baranda, kunnuwansu a miƙe. Ya ɗaga murya yadda za su ji.

"Auta, in kina son koyo ki zo gobe ki zauna a benci tare da jama'a. Yau ba ni da lokacin ɗalibai."

Ta leƙa ta hango gefen kwamfutar. "Wannan sitikar ta bayanta sabuwa ce, a kan wani abu aka manna ta."

"Ado ne. Ke ba ki san kayan manya ba."

Ta rataya jakarta. "Zan zo goben. Benci na gaba zan zauna."

Da hantsi baƙi suka iso: wani sufeto siriri mai tabarau, wanda bai yi kama da wanda ya taɓa dariya a wurin aiki ba, da wata mata mai riƙe da littafi tana rubuta duk abin da ya kalla. Ɗakin jira cike maƙil, masu goyo, tsofaffi, da wani direba mai ƙafa naɗe da bandeji. Injiniya ya sha sabuwar riga. Ba wanda ya nemi jawabi, amma ya yi. Ya ce sayen kayan hannu ilimi ne da ba a koyarwa a makaranta, kuma duk mai bukata ya same shi a ɗakin kati bayan tashi, shawara kyauta ce. Ya soka filashin darussan lafiya a bayan talabijin, ya kunna soket, ya fizge zane.

Talabijin ya kama da ƙarar da ta sa jarirai huɗu suka fashe da kuka lokaci guda. Wata likita ta bayyana a allo tana cewa a riƙa zuwa asibiti da wuri, kada a tsaya sai ciwo ya yi nisa. Hoton ya fito, ba laifi. Sai dai a saman kanta, da manyan baƙaƙe masu duhu waɗanda suka ƙone a jikin allon ba sa motsi, akwai rubutu. A ƙasan ƙirjinta ma akwai wani. Ashe talabijin ɗin ya yi shekaru a bangon gidan caca yana nuna talla ɗaya dare da rana, har ta zauna masa a fuska.

Direba mai bandeji, da yake mutum ne mai son taimako, ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, da ƙarfi don ya rinjayi ƙarar.

"Na sama ya ce, gwada sa'arka. Na ƙasa ya ce, ko ka ci ko a cinye ka."

Wani tsoho da ya zo a cire masa haƙori ya miƙe a hankali, ya naɗe katinsa ya sa a aljihu, ya nufi ƙofa. Mata biyu suka gyara goyo suka bi bayansa. Matar mai littafi ta kwafe rubutun duka biyu, har ta matsa kusa don ta tabbatar da harafi.

Injiniya ya zaro rimot yana danna rage murya, yana dannawa, ƙara na nan yadda take. Ya danna kashewa, ya danna kunnawa, ya buga rimot a tafin hannu ya sake dannawa. Ƙofar ɗakin likita, wadda ke daura da talabijin, ta buɗe. Likita ya fito yana share gumi.

"Wane ne ke kashe mini na'urar sanyaya ɗaki yana kunnawa tun ɗazu?"

Kowa ya dubi hannun Injiniya. Baba mai gadi ya taka ya zare filogin talabijin daga bango, shiru ya sauka, sai kukan jarirai.

"Mu ga kwamfutar," in ji Sufeto.

A ɗakin kati Injiniya ya jona ta yana addu'a a zuci. Ta yi rurinta, ta nemi lambar sirri. Ya ce tsaro ne, ba a buɗewa gaban baƙi. Sufeto ya ɗaga ta ya juya bayanta. Zafin kwana goma sha biyu ya riga ya ɗaga gefen sitikar. Ya kama da farce ya ɓare. A ƙasa akwai lambar kayan wannan asibiti da jan fenti, kusa da ita kuma an rubuta da alƙalami mai kauri: "Ta mutu, a zubar." Da sa hannu a ƙasa, mai dogon jela.

Babbar Nas ta sa tabarau ta duba. Ta san jelar nan, kullum tana ganinta a kan katunan marasa lafiya. Kwamfutar ofishinta ce ta da, wadda shekara biyu da suka wuce ta ƙi kunnuwa, Injiniya ya saurari numfashinta ya ce rai ya yi halinsa, ya miƙa wa masu sayen tsofaffin ƙarafa.

"Wato," in ji Sufeto, "kai ka yi mata takardar mutuwa, kai ka kuma sayo gawar."

"Yallaɓai, ai wannan ya nuna ban yi kuskure ba tun farko."

Babbar Nas ta leƙa ɗakin jira ta yafito Auta daga benci na gaba. Auta ta shigo, ta kwance ƙusoshi shida cikin minti ɗaya, ta ɗaga murfi. A gurbin batir akwai guntun tayil na daɓen ƙasa, an naɗe shi da baƙin salatif. Ta ɗora shi a tafin Injiniya.

"Ga nauyinka, Yaya." Ta ƙara dubawa ciki. "Lokacin da ka binne ta, da alama waya ɗaya ce ta saki. Yanzu kam sun kwashe duk abin kirki sun mayar da na bola."

Sufeto ya nemi rasiti. Injiniya ya miƙa bayan kwalin sabulu. Sufeto ya karanta, ya juya ya karanta sunan sabulun, ya miƙa wa mai littafi ta maƙala a fayil. Ya ba asibitin wata uku a gyara, in ba haka ba hukunci ya hau.

Injiniya bai jira an sallame shi ba, ya ruga bayan tasha. Bishiya na nan. A ƙarƙashinta wata mata na sayar da bokitai. Ya tambaye ta mai mota, ta ce kullum sai mutum biyu ko uku sun zo nemansa, jiya ma wani ya zo ɗauke da firiji a baro. Ta tambaye shi ko yana son bokiti.

Washegari Babbar Nas ta kira shi. Kujerar sito an ba wata nas. Sabuwar sayayya Auta za ta yi, a shago mai ƙofa, amma sai an sake ware abin saye, kuma wannan zai ɗauki watanni. Kafin nan sharaɗin masu dubawa na nan: dole jama'ar ɗakin jira su riƙa jin darussan lafiya kullum. Ta miƙa masa takardu shafi goma sha biyu.

"Ka ce kana son ba da shawara kyauta. Daga yau, takwas zuwa sha biyu, za ka tsaya ƙarƙashin talabijin ɗin nan naka da muka sake lulluɓewa da zanen gado ka karanta wannan. In ka kai ƙarshe ka koma farko. Kalma ɗaya taka ta kanka ban yarda ka ƙara ba. Sukundirebar kuma ajiye mini ita a nan."

Haka aka yi. Injiniya ya tsaya jikin bango, aljihu fayau, yana karanta yadda ake wanke hannu da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Da yake murya ba ta taɓa yi masa ƙaranci ba, har bakin titi ana jin sa. A zagaye na uku, wata tsohuwa da ta zo awon hawan jini, wadda idonta ba ya gani sosai, ta kamo rigar wata nas da ke wucewa.

"'Yar nan, wannan sabon talabijin ɗin naku ya fiye surutu. Ba shi da wurin kashewa ne?"

Nas ta dubi Injiniya, ta dubi tsohuwa.

"Wallahi Iya, mun yi shekara tara muna nema."